Tocila Mai Caji a Gona: Yadda Za Ka Zaɓi Wadda Za Ta Kai Ka Asuba

Da zarar ruwa ya ɗauke aka koma fadama, aikin manomi a Malikanchi da sauran garuruwan Ikara, Makarfi da Kudan ba ya ƙarewa da faɗuwar rana. Mai tumatir da attaruhu yana ban ruwa da dare, ko don layinsa bai zo da wuri ba, ko don ruwa ya fi zama a ƙasa idan rana ta yi sanyi. Masu rake suna lodi har bayan isha'i. Wanda ya tara masara ko waken suya a gona yana kwanan gadi. Mai kiwo kuma yakan fito tsakar dare idan ya ji motsi a garke ko akurki. Duk waɗannan ayyuka a cikin duhu ake yin su, shi ya sa tocila ta shiga sahun fartanya da lauje da injin ban ruwa.

Matsalar ita ce yawancinmu da ido muke sayen tocila. Mai kaya ya kunna, ya haska bangon da ke nesa, ka ga haske kamar na mota, ka biya. Bayan wata biyu ba ta riƙe caji ko na awa ɗaya. A lokacin sanyi, daga magariba zuwa asuba kusan awa 11 ne. Tambayar da ya kamata manomi ya yi ke nan: wannan tocilar za ta iya raka ni tsawon wannan daren? Amsar tana cikin batirin da ke cikinta da yadda kake kula da shi. Ƙarfin hasken da aka rubuta a kwali yana zuwa ne daga baya.

Abin da duhu ke jawo wa manomi

Na farko, maciji. Kububuwa, wadda ita ce ta fi kashe mutane a arewacin Najeriya, da dare take fita farauta. Ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa da busasshen ganye. Kasa kuwa ba ta gudu idan ta ji tafiyar mutum, kwanciya take yi lamo har a taka ta. Gonar rake da tarin kara da bakin ruwa wurare ne da ɓeraye da kwaɗi ke taruwa, inda abincin maciji yake kuwa nan za ka same shi. Yawancin sara a ƙafa ko a hannu ake yinsa, wato inda mutum ya taka ko ya sa hannu bai gani ba. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, kuma waɗanda abin ya fi shafa manoma ne da makiyaya. Hasken da zai nuna maka taku biyar zuwa goma a gabanka, tare da takalmin roba mai tsawo, shi ne rigakafi mafi araha da kake da shi.

Na biyu, wuta. Har yanzu akwai masu zuba fetur a injin ban ruwa suna haskawa da ashana, ko aci-balbal, ko fitilar ƙwai. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, yana iya tafiya ya tarar da harshen wutar da ka ajiye a gefe. Haka shiga rumbu ko wajen harawa da fitilar kananzir. Tocila ba ta da harshen wuta. Duk da haka a kashe inji, a bari ya huce kafin a zuba mai.

Na uku, ƙwari. Wasu manyan maƙiyan amfanin gonarmu da rana ɓuya suke yi. Tsutsar nan mai cin masara, wadda aka fara gani a Najeriya a 2016, tana shigewa can cikin tsakiyar ganye inda sabon ganye ke fitowa kamar mazurari, ta fi cin abinci da yamma da dare da sanyin safiya. Haka ƙwaron tumatir Tuta absoluta, wanda manoma suka laƙaba wa suna sharon. Kowa a yankin nan yana tuna 2016, shekarar da ya cinye gonakin tumatir har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Uwar ƙwaron ƙaramin malam-buɗe-littafi ce mai tashi bayan magariba. Manomin da ke zagaya gonarsa da tocila yakan riga maƙwabcinsa ganin ɓarna da kwanaki, kuma kwanakin nan su ne bambancin feshi ɗaya da feshi huɗu.

Ma'aunin haske: nawa kake buƙata?

Ana auna yawan hasken fitila da wani ma'auni da ake kira lumen, a kwali za ka ga an rubuta lamba sannan "lm". Don ka samu abin kwatance: kyandir ɗaya yana ba da kamar lumen 12. Fitilar ƙwai ba ta kai 50 ba. Fitilar gaban mota irin ta da, guda ɗaya, tana tsakanin 1,000 da 1,500.

Ga abin da ayyukan gona ke buƙata:

- Aikin hannu a kusa, kamar ɗaura tiyo, gyaran fulogi, duba ganye ko ƙirga kaji: lumen 30 zuwa 80 sun isa.
- Tafiya a kan kunya ko tsakanin fangali, da buɗe wa ruwa hanya: 100 zuwa 200.
- Hango ƙarshen gona ko neman dabbar da ta ɓace: 300 zuwa 1,000, shi ma na ɗan lokaci, a haska a kashe.

To ina labarin tocilolin da ake rubuta wa 50,000 ko 100,000? Lissafi kaɗan zai warware maka. Ƙwan LED mai kyau yana ba da kamar lumen 100 a kan kowane wat ɗaya na wuta. Kenan lumen 100,000 yana buƙatar wajen wat 1,000, wato duk ƙarfin ƙaramin janareta. Tocilar roba da ke shiga aljihu ba za ta ɗauki wannan ba. Idan ka ga irin wannan lamba a kan tocila mai araha, ka san kwalin ba ya faɗin gaskiya, kuma wanda ya yi ƙarya a kan haske zai yi a kan batir.

Akwai kuma bambanci tsakanin haske mai tsini da haske mai faɗi. Mai tsini yana zuwa nesa amma ɗan wuri kaɗan yake nunawa, gefenka duk duhu. Shi ne yake burge mutum a kasuwa. Mai faɗi ba ya nisa, amma yana nuna maka inda za ka taka da abin da ke gefen ƙafarka. Ga mai ban ruwa, mai faɗi ya fi amfani nesa ba kusa ba. A lokacin hunturu ma, idan hazo ya sauka, haske mai ƙarfi fari fat yana dukan ƙura ya dawo maka a ido. Rage shi, ka riƙe tocilar ƙasa-ƙasa daidai ƙugu, za ka fi gani.

Batir iri biyu, hali biyu

Tocilolin caji da ke kasuwanninmu, daga Makarfi har Sabon Garin Zariya, kusan duk ɗayan batir biyu suke ɗauke da shi.

Na farko batirin dalma ne, ƙanin batirin mashin. Shi ne a cikin yawancin tocilolin roba masu ƙafa biyu da ake zarowa a soka kai tsaye a soket. Yana da araha, amma yana da sharaɗi ɗaya da ba ya yafewa: ba ya son a bar shi babu caji. Idan ya ƙare ka jefa shi a lungu na mako biyu ko uku, wani farin gishiri yana kama farantan cikinsa, daga nan ba zai ƙara riƙe wuta kamar da ba. A garin da wutar NEPA ke yin kwanaki ba ta zo ba, ka ga dalilin da irin waɗannan tociloli ba sa shekara. Ga shi kuma na'urar cajin da ke cikinsu ba ta san ta tsaya ba idan batir ya cika, kuma hawa da saukar wutar janareta na ƙona ta.

Na biyu batirin lithiyam ne, irin na wayar hannu. Wanda aka fi sa wa tocila shi ne mai lamba 18650, dogo kamar ɗan yatsa. Lambar girmansa take faɗi: kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Ya fi na dalma sauƙin nauyi, ya fi shi ɗaukar wuta, ana cajinsa da igiyar USB daga sola ko fawa-bank, kuma mai kyau yana jure caji sau 300 zuwa 500 kafin ya fara rauni sosai. Babbar fa'idarsa ga manomi ita ce a tociloli da yawa ana iya cire shi a sa wani. Batir ya mutu, ka sayi batir, tocilarka na nan.

Sai dai jabunsa ya yi yawa. Ga yadda za ka gane:

- Dubi lambar "mAh", wato yawan wutar da yake ɗauka. Manyan kamfanonin da suka ƙware a yin 18650, irin su Panasonic, Samsung da LG, nasu yana tsayawa ne a wajen 3,500. Duk wanda ka ga an rubuta 6,800 ko 9,900 jabu ne, kuma sau da yawa abin da ke cikinsa bai kai 1,000 ba.
- Auna nauyinsa. Na gaskiya yana kai gram 43 zuwa 50. Idan ƙungiyarku na da ƙaramin sikeli na auna iri ko magani, ku ɗora shi. Wanda bai kai gram 40 ba, ku bar shi.
- Dubi rigarsa. Idan robar ta yage, ko akwai tabon walda a kansa, mai yiwuwa an ciro shi ne daga tsohuwar kwamfuta aka sake masa riga.

Lissafin dare ɗaya

Wannan lissafin shi ne zuciyar maganar, kuma ba shi da wuya. Ɗauki batir 18650 na gaskiya mai 2,500mAh. Ƙarfinsa 3.7V ne. Idan ka ninka 2.5 da 3.7 za ka samu kusan 9. Ma'ana batirin zai iya ba da wat ɗaya na tsawon awa 9. Kamar jarkar mai ce mai lita 9: yadda ka buɗe maƙogwaron inji, haka za ta ƙare.

- A babban haske, lumen 500, tocila na shan wat 5. Ba za ta cika awa 2 ba.
- A matsakaici, lumen 150, tana shan wat ɗaya da rabi. Awa 6 ke nan.
- A ƙarami, lumen 50, tana shan rabin wat. Za ta yi awa 18.

Ka ga batir ɗaya ne, amma wani ya ƙarar da shi kafin ƙarfe goma na dare, wani kuma ya kai asuba har da saura. Saboda haka kada ka sayi tocilar da ba ta da matakan haske aƙalla uku. Ka saba aiki da ƙarami da matsakaici, babban kuma ka ajiye shi don lokacin da ka ji motsi.

Idan an rubuta a kwali cewa tana yin awa 10, ka sani ko kamfanonin kirki suna ƙirgawa ne har lokacin da hasken ya ragu zuwa kashi 10 cikin 100 na yadda ya fara. Awannin ƙarshe haske ne dishi-dishi. Don haka ka ɗauki rabin abin da aka rubuta a matsayin abin da za ka yi aiki da shi.

Wace iri ce ta dace da aikinka?

Tocilar goshi. Maharba sun daɗe da sanin amfaninta. Ga mai ban ruwa ita ce ta ɗaya, domin hannu biyu na kan fartanya ko tiyo, haske kuma na bin inda ka juya kai. Haka mai feshin yamma, da mai taimakon akuya ko saniya wajen haihuwa, da uwargida mai girki ko surfe bayan magariba. Aibinta ɗaya: ƙwari na taruwa a fuskarka. Idan tana da jan haske, kunna shi, ƙwari ba su cika bin ja ba, kuma ba ya firgita kaji idan ka shiga akurki.

Tocilar hannu. Ita ce ta gadi da hangen nesa. Mai jikin alminiyam ta fi ta roba jure faɗuwa, kuma tana fitar da zafin ƙwan waje, abin da ke ƙara masa kwana. Ka sa mata igiya a wuyan hannu, domin tocila da yawa a rijiya da kwalbati suka ƙare.

Fitilar ajiyewa mai sola. Ita ce ta bukkar gona, wajen ɗaurin kwandon tumatir, wajen dafa mazarƙwaila, da karatun yara a gida. A nan akwai wata alama da za ta taimaka maka. Bankin Duniya ya fara wani shiri a 2007 na gwada ingancin ƙananan fitilun sola da ake sayarwa a Afirka, wanda a yau ake gudanar da gwajinsa da sunan VeraSol. Suna duba ko abin da aka rubuta a kwali gaskiya ne, kuma suna sharɗanta garanti. Kamfanoni irin su Sun King da d.light suna da fitilu a jerinsu. Ka tambayi dila ko samfurin da yake sayarwa yana ciki.

Hasken waya fa? Yana fitar da kai kunya na minti biyar, amma ba ya nisa, kuma yana cinye cajin da za ka kira taimako da shi idan wani abu ya faru. Waya ta zauna a aljihu.

Ruwa da ƙura

A jikin wasu tociloli za ka ga "IPX4" ko "IPX7" ko "IP67". IPX4 na nufin tana jure yayyafi da fantsamar ruwa. IPX7 na nufin ko ta faɗa ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin awa ba za ta lalace ba. Idan akwai 6 a gaba, kamar IP67, ƙura ma ba ta shiga. Mai aikin fadama ya nemi aƙalla IPX4. Amma kada ka tsaya a rubutu: kwance murfin batir ka duba ko akwai zoben roba a bakin zaren, ka duba ko ramin caji na da marufi. Idan babu, ruwa zai shiga ko me aka rubuta. Ɗan shafa man basilin a zoben lokaci-lokaci yana hana shi bushewa a hunturu, sai dai a shafa kaɗan.

Kafin ka miƙa kuɗi

1. Buɗe ka ga batirin da idonka. Idan ba a buɗewa, tambayi irin batirin da ke ciki.
2. Kunna ta a babban haske ka bar ta minti biyar a hannunka kuna ciniki. Idan hasken ya faɗi warwas, batirin ba shi da ƙarfi. Ɗumi kaɗan a jikin ta ƙarfe ba laifi ba ne.
3. Girgiza ta tana kunne. Idan tana ƙyaftawa, haɗin cikinta sako-sako ne.
4. Danna makunnin sau goma ko fiye. Makunni ne ke fara mutuwa a tocila mai araha.
5. A soka caji a gabanka ka ga alamar caji ta kama. Mai ramin caji irin na wayarka ta fi, igiya ɗaya ta ishe ku.
6. Ku yi magana a kan canji idan ta ƙi aiki cikin mako guda, kuma ka karɓi rasit.

Caji da ajiya

Zafi shi ne babban maƙiyin batirin lithiyam. Ba a so a yi cajinsa a wurin da zafi ya haura digiri 45. A watan Maris da Afrilu, tocilar da aka bari a rana, ko a kan tankin mashin, ko dab da rufin kwano, tana wuce haka. Kuskuren da aka fi yi shi ne a shanya farantin sola a rana tare da tocilar a gefensa. Faranti ne ke son rana. Tocila a ja igiya a kai ta inuwa.

Sauran ƙa'idojin:

- Kada ka jira ta mutu ɗungurungum kafin ka yi caji. Da haske ya fara rauni, a kai ta caji.
- Mai batirin dalma a cika ta bayan kowane amfani, a cire idan ta cika. Ko ba a amfani da ita, a yi mata caji duk wata.
- Mai lithiyam idan za a ajiye ta na watanni, a bar ta da kamar rabin caji, a wuri mai sanyi, a cire batirin in ana cirewa.
- Kada a yi caji a cikin rumbu, ko kusa da harawa, auduga ko jarkar fetur, ko a kan katifa. A ɗora a kan siminti ko ƙasa.
- Kada ka zuba batir tsirara a aljihu tare da makulli, ƙusa ko tsabar kuɗi. Ƙarfe na haɗa kansa da gindinsa, ya yi zafi har ya kama wuta. A naɗe shi a leda ko a sa a ƙaramin gwangwanin roba.
- Batirin da ya kumbura, ya lotse, ko yake wari, an gama da shi. Kada a jefa shi a wutar shara, fashewa yake yi.

Mataccen batirin dalma kuma ba abin wasan yara ba ne. Dalma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Ita ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, kodayake can daga dutsen zinariya ta fito. Kada a fasa batir a tsakar gida, kada a bar shi inda yara ko awaki za su kai baki. A tara a kai wa masu sayen tsofaffin batura.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Manomi ɗaya da ya sayi tocila ɗaya ba shi da bakin magana a gaban dila. Ƙungiya mai mutum talatin tana da shi. Ga tsarin da za ku iya bi:

Ku fara sayen samfuri biyu ko uku, ɗaya-ɗaya. Ku cika su da caji, ku kunna su a matsakaicin haske bayan magariba, sakatare ya rubuta lokacin da kowace ta dushe. Dare ɗaya ya isa ya nuna muku gaskiyar da kwali ya ɓoye. Wadda ta ci, ita za ku saya da yawa, da sharaɗin canji a rubuce.

Ku tsaya a kan iri ɗaya mai batir ɗaya. Idan kowa 18650 yake amfani da shi, batirin wannan zai shiga tocilar wancan, wadda ta lalace kuma ta zama kayan gyaran sauran.

Ku haɗa wurin caji. Farantin sola mai wat 20, a rana mai kyau, bayan an cire asarar da ake yi a hanya, zai cika batir shida ko bakwai irin wanda muka yi lissafi da shi. A watan Agusta da hadari ke rufe sama, da lokacin hazo, abin zai ragu, don haka a riƙa goge ƙurar faranti kowace safiya. Dole a sa na'urar daidaita wuta tsakanin faranti da batir. Haɗa su kai tsaye haɗari ne. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, tada janareta don cajin waya da tocila ya zama asara, kuma wasu manoman sun riga sun koma injin ban ruwa mai sola. Inda akwai irin wannan faranti, mai gyaran sola zai iya fitar muku da wurin caji daga jikinsa.

A rubuta lamba a jikin kowane batir da ranar da aka saye shi, a buɗe littafi. Ɗan abin da mambobi ke biya na caji a tara shi don sayen sababbin batura. Kuma a tuna da mata a rabon: su ne a wajen girki, da kiwon kaji, da jinyar yaro cikin dare, kuma idan naƙuda ta tashi tsakar dare tocilar gidan ce ke raka su asibiti.

Yadda za ka yi zagayen ƙwari da tocila

A gonar masara, ka shiga da magariba ko da sanyin asuba. Ka bar layukan baki, ka yi tafiya mai siffar W, ka tsaya wuri biyar, a kowane wuri ka duba masara goma. Haska cikin mazurarin ganyen: kana neman sabuwar huda, da kashin tsutsa mai kama da dusar katako, da tarin ƙwai a bayan ganye. Babbar tsutsar tana da alama kamar Y a kife a goshinta, da ɗigo huɗu baƙaƙe a kusa da wutsiya. Ka rubuta nawa ne cikin 50 suka kamu, ka kai wa malamin gona na KADA ko ka nemi shawarar NAERLS da ke Samaru kafin ka sayi magani. Tsutsa tana ƙarama ake cin ƙarfinta.

A gonar tumatir, ƙaramar fitilar sola da aka rataya a kan roba mai ruwa da ɗan sabulu tana jawo uwar sharon ta faɗa ciki. Da safe ka ƙirga. Idan adadin na hawa kullum, ƙwaron ya shigo. Wannan tarkon na sanar da kai ne, ba zai maye gurbin sauran matakai ba, kuma yana kama ƙwari masu amfani ma, don haka kada a bar shi kunne kowane dare ba dalili.

Hattara biyu na ƙarshe

Haske yana nuna maka hanya, yana kuma nuna wa na nesa inda kake. Idan kana kwanan gadi, kada ka bar tocila kunne tana lilo. Ku riƙa zuwa bibbiyu, ku sanar da 'yan sintirin unguwa cewa kuna gona, ku yi yarjejeniyar alama da maƙwabta, misali ƙyaftawa uku na nufin a kawo ɗauki. Kada a dallare idon mai mashin ko direba, kada a dallare shanu. Haska ƙasa, ka yi sallama.

Idan kuma tsautsayi ya faɗa maciji ya sari wani: a kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo da duk abin da zai matse idan wurin ya kumbura, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya tamau, ba a ɓata lokaci wajen neman macijin. Saran kububuwa yana iya zama kamar ba komai a farko, daga baya jini ya ƙi tsayawa, saboda haka ko mutum ya ce ya ji sauƙi a tafi. A nufi babban asibiti mafi kusa, na Ikara ko na Makarfi, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura asibitin koyarwa na Shika. Idan gamsheƙa ce ta tofa dafi a ido, a wanke da ruwa mai yawa tun a gona sannan a tafi. Shugabannin ƙungiya su bincika tun yanzu wane asibiti ne ke ajiye allurar dafin maciji, su ajiye lambar mai mota ko mai mashin da za a iya tasa cikin dare.

Wannan tafiyar ta gaggawa ita ce dalilin da ya sa kowane gida ke buƙatar tocila ɗaya da ba a taɓawa: cike da caji, a rataye a ƙusa ɗaya da kowa ya sani, ba a ba yara, ba a ba aro. A duba ta duk ranar Juma'a.

Allah ya tsare mu da sharrin dare, ya sa albarka a noman bana.